Gurɓataccen Mai da Toshewar Filta a Tsofaffin Taraktoci da Motocin Gona

Gabatarwa

Mafi yawan taraktocin da ke aiki a gonakinmu sun kwana biyu. Akwai Massey Ferguson irin su 165 da 265 da 375, akwai Steyr waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat na Kano. Ga kuma tsofaffin akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda har yau ake ganin ragowarsu suna jigilar taki da buhunan hatsi tsakanin ƙauye da kasuwa. Waɗannan injuna suna da juriya, kusan kowane makanike ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu ba su cika wuyar samu ba. Babban abin da ke kayar da su shi ne man da ake zuba musu a tanki.

Matsalar takan zo ne a lokacin da ba a bukatarta. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa, manoma sun biya kuɗin haro suna jiran layi ya zo kansu, sai tarakta ta fara shaƙewa a tsakiyar gona, ta yi tari ta mutu. Idan filta ce kawai ta toshe, aikin awa ɗaya ne. Idan kuwa dattin ya riga ya wuce ya kai ga famfon injekta, sai an kwance shi an kai birni, a yi mako ɗaya ko biyu ana jira, alhali damina ba ta jiran kowa. Masarar da aka shuka a makare ba ta yin albarka kamar wadda ta sami ruwan farko. Saboda haka kula da tsabtar mai yana cikin aikin noma, kamar yadda zaɓen iri da sa taki suke.

Hanyar da mai yake bi a injin dizal

Man dizal, wanda aka fi sani da man gas, yana fitowa daga tanki ta wani makunni da ke ƙasansa. Ƙaramin famfo da ke jikin inji shi ke jawo shi ya tura shi cikin filta, wato matatar mai. Wasu taraktocin filta ɗaya gare su, wasu biyu a jere, kuma ta farkon takan zo da kwanon gilashi ko na ƙarfe a ƙasanta inda ruwa da laka ke taruwa. Daga filta sai mai ya shiga famfon injekta, wanda ke matsa shi da ƙarfi ya aika wa kowace nozul rabonta, ita kuma ta fesa shi cikin silinda kamar hazo.

A nan ne ya kamata manomi ya fahimci dalilin da ya sa ake yawan maganar tsabta. Ƙarfin matsin da nozul ke fesa mai da shi a irin waɗannan tsofaffin injuna ya ninka iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota sau tamanin ko fiye. Don a sami wannan matsi, an gogge ƙarafan cikin famfon sun dace da juna ta yadda ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce maikiron biyu zuwa huɗu ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum ya kai maikiron 70 ko kusa da haka. Ke nan ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce waɗannan ƙarafa. An yi takardar filta ne domin ta tare abin da ya kai maikiron 5 zuwa 10, aikin da babu wani ƙyalle ko rariya da za su iya yi.

Abu na biyu shi ne, famfon injekta mai juyawa, irin na CAV da ke jikin injin Perkins na yawancin Massey Ferguson, ba shi da man juye na kansa. Man gas ɗin da ke ratsa shi shi ne yake sa masa santsi. Duk abin da ya rage wa man gas maiƙonsa, ruwa ne ko kananzir ko fetur, to ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe.

Abubuwan da ke gurɓata mai

Ruwa shi ne na farko, kuma shi ya fi ɓarna. Ba lalle sai wani ya zuba shi da gangan ba. Tankin da aka bari rabi da yamma cike yake da iska mai ɗumi, dare na yi ƙarfe ya yi sanyi, sai raɓa ta kwanta a bangon tankin daga ciki ta gangara ƙasa. Wannan ya fi yawa a jihohin tsakiyar ƙasa kamar Neja, Nasarawa, Binuwai da Kwara, inda damina ke daɗewa kuma iska ke ɗauke da laima. Haka nan duron da aka ajiye a tsaye a fili, ruwan sama yakan kwanta a kansa, kuma yayin da man ciki ya huce da dare sai duron ya zuƙo ruwan ta bakin murfi, ko da an ɗaure shi.

Ruwa ya fi man gas nauyi, don haka kullum ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututun mai ke ɗiba. Yana kawo tsatsa a tanki, yana jiƙa takardar filta ta kumbura ta toshe, idan kuma ya kai bakin nozul mai zafi yana iya lalata ta. Bayan haka, a tsakanin ruwa da mai akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rayuwa suna cin man suna hayayyafa. Su ne ke haifar da baƙin abu mai yauƙi da wari da ake tararwa a gindin tsohon tanki. Wanda ya ga wannan a jikin filtarsa ya san cewa ruwa ya daɗe a tankinsa.

Sai ƙura da yashi. Waɗannan suna shiga ne ta mazurarin da aka jefar a ƙasa, da bokitin da aka ɗebi ruwa da shi jiya, da tiyon da ke kwance a bayan tirela, da kuma tsumman da aka cusa a bakin tanki a madadin murfin da ya ɓata. A lokacin hunturu da lokacin haro, minti biyu na buɗe tanki a cikin ƙura ya isa.

Akwai kuma abin da mazubin kansa ke saki. Tsohon duro yana zubar da tsatsa. Mazubin da aka yi da farin kwano irin na rufin ɗaki bai dace da man gas ba ko kaɗan, domin man yana cin sinadarin zinki da aka shafe shi da shi, abin ya koma gari ko danƙo ya toshe filta da nozul. Jarkar da aka taɓa zuba manja, man gyaɗa ko maganin feshi a ciki, ita ma kada a yi amfani da ita.

Na ƙarshe shi ne algus. A shekarun da gwamnati ke tallafa wa kananzir, wato kafin 2016, an sha gauraya shi da man gas saboda ya fi araha. Akwai kuma man da ake dafawa a haramtattun matatu a yankin Neja-Delta, wanda ba a tace shi yadda ya kamata ba, yakan biyo hanya har ya iso hannun 'yan bumburutu. Ko gidan mai ma ba a rasa samun matsala. A watan Fabrairu na 2022 hukumar NMDPRA ta sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, kuma motoci da dama sun lalace kafin a janye shi daga kasuwa. Duk da haka, wanda ya sayi mai a gidan mai sananne ya karɓi rasit yana da inda zai kai ƙara. Wanda ya saya a galan a bakin titi ba shi da.

Yadda za a gwada mai kafin a zuba

Gwajin da ya fi sauƙi ba ya bukatar komai sai kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya. A ɗebi mai daga ƙasan jarka ko duro a zuba, a ajiye a inuwa kamar rabin awa, sannan a ɗaga ta a hasken rana. Man gas mai kyau garau yake, ana iya hango yatsa ta bayan kwalbar. Idan ya yi dishi-dishi kamar an ɗiga masa madara, akwai ruwa a gauraye. Idan ruwan ya yi yawa za a gan shi a kwance a ƙasa, da layi a tsakaninsa da man. A murza ɗigo ɗaya a tsakanin yatsu: man gas yana da maiƙo, wanda aka tsinka da kananzir kuwa ba shi da santsi sosai, kuma ƙamshin kananzir ba ya ɓuya.

Shi kuwa fetur, a ɗiga shi a kan farar takarda. Mai kyau zai bushe ba tare da barin tabo ba. Idan ya bar tabon maiƙo, an haɗa shi da wani abu mai nauyi. Domin gane metanol ko makamancinsa, a zuba ruwa kaɗan a kwalba a yi alama daidai inda ya tsaya, a ƙara fetur kamar ninki tara na ruwan, a rufe a girgiza, a bar shi ya kwanta. Idan ruwan ya haura alamar, to ya janyo sinadarin daga cikin fetur ɗin ke nan.

Alamomin toshewar filta

Filta ba ta cika toshewa farat ɗaya ba. Da farko inji zai tashi lafiya ya yi ta aiki a tsaye, amma da zarar an saka garma a ƙasa, ko mota ta kama hawan tudu da kaya, sai ƙarfi ya ragu. Daga nan sai a ji sautin injin yana hawa yana sauka da kansa. Sai ya kai ga mutuwa bayan minti goma ko ashirin na aiki, a bar shi ya huta ya sake tashi, ya sake mutuwa. Dalili shi ne ɗan man da ke tsatsafowa ta filtar yakan taru a lokacin hutun, amma bai isa ya ci gaba da ciyar da injin ba. Farin hayaƙi daga salansa tare da tari yakan nuna ruwa ko iska a cikin mai.

Sai dai a lura, akwai abubuwa biyu da ke kwaikwayon toshewar filta, kuma sun sa an zubar da filta mai kyau ba sau ɗaya ba. Na farko murfin tanki ne. Yana da ɗan rami da iska ke shiga yayin da mai ke raguwa. Idan ƙura ta toshe shi, mai zai daina sauka. Da inji ya mutu a buɗe murfin a saurara, idan an ji iska ta zuƙa ciki, to an gano ɓarawon. Na biyu kuma ƙaramar raga ce da ke kan makunnin tanki daga ciki, da wata a cikin ƙaramin famfo. Su biyun ana iya cire su a wanke da mai mai tsabta a mayar. Baƙin hayaƙi mai yawa kuwa ya fi alaƙa da filtar iska ko lalatacciyar nozul, don haka a duba can tukuna.

Kuskuren da ya fi tsada

Abin takaici ne yadda ake yawan ganin direba ko makanike, idan filta ta toshe a daji kuma babu sabuwa a kusa, ya sa ƙusa ya huda takardar, ko ya cire ta gaba ɗaya ya haɗa tiyo kai tsaye. Inji zai tashi nan take, har a yaba masa da iya aiki. Amma duk dattin da filtar ta tara, da wanda ke cikin tanki, yanzu ya sami hanya zuwa famfon injekta. Bayan 'yan makonni tarakta za ta fara wuyar tashi, musamman idan ta yi zafi, ƙarfi ya tafi, shan mai ya ƙaru. A lokacin ba mai tuna ƙusar nan. Kuɗin gyaran famfo da nozul ya ninka kuɗin filta sau da yawa, ban da kwanakin aikin da aka rasa.

Wanke filtar takarda da fetur ko hura mata iskar famfon faci shi ma bai da amfani. Ko dai dattin ya ƙi fita, ko takardar ta yage a inda ido ba ya gani. Filtar da ta toshe ta yi aikinta ne, abin da ya rage a jefar da ita. Kuma a yi hattara da jabu, domin kasuwa cike take da su, an buga musu sunayen manyan kamfanoni. Araha ba ta ado. Ta jabu takan fi sauƙin nauyi, ninkin takardarta kaɗan ne, robobinta kuma busassu. Ya kamata duk mai tarakta ya sayi filta biyu ko uku a wurin dillalin da ya amince da shi tun kafin faɗuwar damina, ya ajiye su cikin ledarsu a akwatin kayan aiki.

Canza filta da fitar da iska

Littattafan masana'anta sukan ce a canza filtar mai bayan awa 250 zuwa 500 na aiki, gwargwadon irin injin. Wannan lissafi ne na mai mai tsabta. Inda ake zuba mai daga jarka, gara a raba shi biyu. Kwanon ruwa kuwa kullum da safe ake duba shi, kafin a tayar da inji, lokacin da ruwan ya kwana ya kwanta. A sassauta makunnin ƙasa a bar ruwa da laka su fita har sai mai garau ya biyo baya.

Kafin a kwance filta a rufe makunnin tanki, a goge kewayen wurin sarai. A wanke kwanon ƙasa da man gas mai tsabta, kada a goge cikinsa da tsumma mai sakin zare. A canza duk robobin da suka zo da sabuwar filtar. A irin filtar CAV, babbar robar sama tana shiga ne cikin kwarmin da ke jikin kan filta, ba a ɗora ta a kan filtar kanta ba. Idan aka ɗora ta a can za ta rufe ƙofofin da mai ke bi, a yi ta fama inji ya ƙi tashi. Haka kuma kada a cika sabuwar filta da man jarka don a rage wahala, domin wani ɓangarensa zai wuce ba a tace ba.

Bayan an ɗaure komai sai a fitar da iskar da ta shiga, domin injin dizal ba ya tashi da iska a bututunsa:

1. A buɗe makunnin tanki, a sassauta ƙusar fitar da iska da ke kan filta, a riƙa danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure.
2. A yi haka a ƙusoshin da ke jikin famfon injekta, a fara da ta ƙasa kafin ta sama.
3. Idan inji bai tashi ba, a sassauta bututun ƙarfe biyu a bakin nozul, a buɗe totur, a yi kik har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure, a sake gwadawa.

Idan hannun ƙaramin famfon ya ƙi jan mai, a ɗan juya injin zagaye ɗaya a sake dannawa. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar shi ya huce tsakanin gwaji da gwaji. Kuma kada a kuskura a sa hannu a gaban man da ke tsartuwa daga bututun nozul. Ƙarfinsa yana iya huda fata ya shiga cikin nama, kuma wanda hakan ta same shi sai a garzaya da shi asibiti ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Idan sabuwar filta ta sake toshewa cikin 'yan kwanaki, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sai a sauke tankin, a zubar da guggubin ciki, a wanke shi da man gas, a bar shi ya bushe kafin a mayar. A canza duk tiyon roba da ya tsattsage, domin tsohon tiyo yana marmashewa daga ciki, kuma yana zuƙar iska ko da ba a ga yana yoyo ba.

Motocin fetur da injin ban-ruwa

A tsofaffin motoci masu kafireta abin ya fi sauƙi da araha. Datti yakan toshe ƙananan ramukan kafireta, ruwa kuma ya kwanta a kwanonta, mota ta riƙa fizga tana mutuwa idan an sassauta totur. Ƙaramar filtar roba da ake sawa a tiyo tana da kibiya a jikinta, a tabbata kibiyar tana kallon wajen inji. Metanol yana busar da robobi da fatar famfon mai, don haka motar da ta sha irin wannan fetur a duba mata su. Ƙananan injunan ban-ruwa na fadama da yawa suna da ɗan kofi a ƙarƙashin makunnin mai da ƙusar tsiyaya a gindin kafireta. Idan an gama noman rani a tsiyaye su duka, domin fetur ɗin da ya yi watanni a ajiye yakan bushe ya bar danƙo.

Idan aka yi kuskuren zuba fetur a tankin dizal, ko dizal a tankin fetur, kada a tayar da inji. A tsiyaye tankin tukuna.

Ajiyar mai a gona

A ajiye duro a inuwa, ƙarƙashin rumfa, nesa da murhu da rumbun hatsi. An fi so a kwantar da shi a kan katako, a ɗan karkata shi ta yadda ruwa da laka za su gangara ɓangaren da ba a ɗiba. Bayan an kawo duro ko an motsa shi, a bar shi ya kwana, awa 24 aƙalla, kafin a ɗiba. Idan da tiyo ko famfon hannu ake ɗiba, kada bakinsa ya taɓa ƙasa, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu. Litocin ƙarshe na gindin duro ba na tanki ba ne, a ajiye su don wanke kayan gyara. Kada a zubar da su kusa da rijiya, rafi ko fadama. Al'adar zuƙo mai da baki a bar ta, domin kurɓi ɗaya da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi.

A ware mazurari ɗaya mai raga da jarka ɗaya don mai kaɗai, a riƙa sa mazurarin cikin leda bayan an gama. A cika tankin tarakta da yamma bayan an tashi aiki maimakon da safe, domin cikakken tanki ba ya barin wuri ga raɓa, kuma duk abin da ya shiga tare da man zai sami dare guda ya kwanta a tsiyaye shi da safe. Idan aikin shekara ya ƙare za a ajiye tarakta, a tsiyaye ruwan ƙasan tanki, a sa sabuwar filta, a cika tankin, sannan a riƙa tayar da injin sau ɗaya ko biyu a wata har ya yi zafi, domin mai ya zagaya cikin famfon injekta kada ƙarafansa su kama tsatsa kafin damina ta dawo.